Majalisa ta yafe wa kamfanoni haraji, ta ce babu kuɗin yashe magudanai: ina haɗin?

Tambaya: Malam, majalisar birninmu ta ɗage aikin yashe magudanan ruwa zuwa baɗi, wai kuɗi bai isa ba. A wannan zaman kuma ta yafe wa wasu kamfanoni harajin gine-ginensu har na shekara goma. Shin abubuwan nan biyu suna da alaƙa, ko haushi ne kawai ya sa nake haɗa su?

Amsa: Ɗan'uwa, ba haushi ba ne, alaƙar tana nan. A birane da yawa harajin gine-gine da filaye asusu ɗaya yake shiga, daga nan ake biyan albashi, a kwashe shara, a yashe kwata. Duk abin da aka yafe, an rage shi ne daga asusun nan. Bambancin kawai shi ne kuɗin yashe magudana yana fitowa ɓaro-ɓaro a takardar kasafi, kowa na iya cewa a rage, shi kuwa harajin da aka yafe bai taɓa shigowa ba, don haka ba a ganinsa a matsayin kuɗin da aka kashe. Abin ya dami masu binciken kuɗi a Amurka har a 2015 hukumar da ke tsara ƙa'idojin lissafin gwamnatocin jihohi da birane ta wajabta musu bayyana yawan harajin da suke yafewa a rahotonsu na shekara.

Kansiloli za su ce maka in ba a yafe ba kamfanin wani gari zai tafi, a rasa harajin a rasa aikin yi. Wani lokaci gaskiya ne. Amma masanin tattalin arziki Timothy Bartik ya tattara bincike da dama a 2018, ya gano cewa irin wannan rangwame yana sauya shawarar kamfani ne a kashi 2 zuwa 25 cikin ɗari kacal. Sauran dama can za su zo ko za su zauna. Ka duba Foxconn, kamfanin ƙera kayan lantarki, a jihar Wisconsin ta Amurka: a 2017 ya yi alkawarin ayyuka 13,000, jihar ta yi masa tayin kusan dala biliyan 3. A 2021 aka sake yarjejeniyar, ayyukan suka koma 1,454, tallafin ya sauko dala miliyan 80. Abin da ya rufa wa jihar asiri shi ne an ɗaura yawancin kuɗin a kan ayyukan da aka samar a zahiri.

Inda ni abin ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne lissafin ruwan kansa. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ne. To, ɗauki kamfani mai fili hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000, rabi rufin kwano, rabi daɓen siminti da kwalta na ajiye motoci. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, lita 500,000 ke sauka a wurin, kuma kusan duka kwata za su nufa cikin ɗan lokaci, tunda siminti ba ya shan ruwa. Fili mai ciyawa da ƙasa zai shanye kaso mafi yawa. Wato wanda aka yafe wa harajin sau da yawa shi ne ya fi kowa ɗora wa magudana kaya. Ita kuma kwalbatin da yashi da leda suka cike rabinta ba rabin aikinta kaɗai take rasawa ba: gudun ruwan yana raguwa, laka ta ƙara kwanciya, sai ruwan ya tsallake ya bi titi, ya shiga ƙarƙashin kwalta ya fasa ta. Gyaran titin ya ninka kuɗin yashewar da aka ce babu.

Akwai mafita da aka gwada. Birnin Philadelphia na Amurka tun 2010 ya soma cajin wuraren kasuwanci kuɗin ruwan sama bisa faɗin fili da yawan wurin da aka daɓe, wanda ya yi tanadin riƙe ruwansa a rage masa. Garuruwa da yawa a Jamus ma haka suke yi. Tunda kuɗin hidima ne ba haraji ba, yafe haraji ba ya shafe shi, kuma aikin magudana yana da asusunsa.

Ko majalisarku tana da ikon yafewar, wannan dokar da ta kafa ta ce za ta faɗa, don a wurare da dama sai da amincewar gwamnatin da ke sama da ita. Ka nemi kundin zaman da takardar yarjejeniyar, ka duba ko an rubuta adadin ma'aikatan da za a ɗauka, da sharaɗin dawo da kuɗin in kamfanin ya gaza ko ya tattara ya tafi kafin wa'adi. Sannan ku haɗu da maƙwabta ku rubuta wa kansilanku, ku tambaye shi jimillar harajin da aka yafe a shekara ɗaya, da kuɗin da injiniyan birni ya ƙiyasta na yashe magudanan kafin damina. Ku ce a ba ku amsar a rubuce.