Tarin karnuka da allurar rigakafi: amsoshin likitan dabbobi

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni mafarauci ne a Ɗorayi. Tun da muka dawo daga daji karnukana uku ke wani busasshen tari, kamar ƙashi ya maƙale musu a wuya. Ƙurar hunturu ce?

Amsa: Malam, ƙura tana tsananta shi, amma ba ita ta kawo shi ba. Tunda uku suka kamu a jere, na fi zargin tarin nan da karnuka ke ɗauka a wajen juna, wanda ƙwayar cuta mai suna Bordetella ke kan gaba wajen haddasawa. Kun cusa karnukan unguwa-unguwa a mota guda, sun sha ruwa a kwano ɗaya, ai magana ta ƙare. Yakan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 14 da haɗuwar. Ka ware su, ka sassauta igiyar wuya. Yawanci yana lafawa cikin mako uku. Amma in ka ga majina mai kauri, kwantsa ta rufe ido, kare ya ƙi abinci, kawo shi asibitin dabbobi ranar nan, don haka cutar distemfa ke farawa, ita kuwa kisa take. Kuma don Allah a daina jefa musu farasitamol a cikin tuwo, yana lalata musu hanta.

Tambaya: Kwikwiyona na gadi ya samu allurar haukan kare. Ta wadatar? Daga wata Hajiya a Bompai.

Amsa: Hajiya, ba ta wadatar ba. Waccan haukan kare kaɗai take tarewa. Akwai haɗaɗɗiyar allura, DHPP, mai kare shi daga distemfa da wasu ƙwayoyin tarin. Ana farawa yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16, sannan a ƙara bayan shekara. Ta Bordetella daban take, akwai ma wadda ake ɗigawa a hanci. In karenki ba ya cuɗanya da wasu, wannan ba dole ba ce.

Abin da ya fi damuna a garin nan shi ne ajiya. Maganin rigakafi sanyin firji yake so, digiri 2 zuwa 8. Wanda ya zaro miki kwalba daga aljihu da zafin Afrilu, ba ko ƙanƙara, ruwa kawai zai tsira wa karenki.

Tambaya: In yi wa karen da ke tari allurar rigakafin yanzu?

Amsa: A'a, rigakafi na mai lafiya ne. Bari ya warke tukuna.