Alwala da ruwan ado da ruwan sadaka

Tambaya: Malam, ina gadi a wani lambun biki a Kumasi. Akwai kwamin ado da inji ke cilla ruwansa sama yana dawowa, ruwan ya yi kore. A bakin ƙofa kuma wani Alhajin unguwar Aboabo ya kafa tanki, an rubuta "na sha kawai". Da wanne zan yi alwala?

Amsa: Ɗana, koren nan da kake ƙyama shi ya halatta maka, in mai lambun ya yarda. Gansakuka daga jikin ruwan take fitowa, kuma Khalil ya faɗa a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa irin wannan canji ba ya hana tsarki. Kewayawar da ruwan ke yi ba komai ba ce. Amma tambayi mai wanke kwamin me yake zubawa. Ɗan kulorin ba laifi. In shuɗi ne ko omo har launi ko ƙanshi ya juya, ba ya ɗauke hadasi, wato ba a alwala da shi.

Tankin kuwa sharaɗin mai waƙafi ake bi. Wasu na cewa ruwa na Allah ne, ai hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Hadisin yana magana ne kan kogi da tafki, ruwan da ba wanda ya ɗebo. Wannan kuwa kuɗi aka biya motar ruwa ta cika shi. Da hujjarsu ta tsaya, sai a riƙa kwasar fiya wata a kasuwar Kejetia ba biya. Suna ƙarawa da cewa Alhajin zai so ladan alwala. Wa ya shiga zuciyarsa? Abin da ya rubuta muka gani. Tun a sabil na Alƙahira, wato wuraren ruwan sha na sadaka, irin na Abdurrahman Katkhuda na 1744, ruwan sha daban yake da wurin alwala. Malamai sun ce wanda bai sami komai ba sai ruwan sabil, taimama zai yi. In ka taɓa alwala da ruwan tankin, sallolinka na baya sun inganta a Malikiyya, sai istigfari.

Abu guda ya fi damuna: injin kwamin yana nutse cikin ruwan da wayar lantarki. Kashe shi daga soket kafin ka tsoma buta, waya ɗaya ta sale ta isa. Kurkure ka tofar, kada ka haɗiye. Da ni ne, sai in roƙi mai lambun bokitin Veronica, wato bokiti mai famfo, in cika shi tun da safe. Wallahu a'alam.