Tambayoyinku kan kalmomi: Archer Taylor da bin sawun karin magana

Wani ɗalibi mai rubuta kundin digiri a Zariya ya ce: Malam, duk kundin da na buɗe kan karin magana sai na ga an ambaci wani Taylor a babi na biyu. Wane ne shi, kuma ya san Hausa ne?

Ɗana, ba masanin Hausa ba ne. Archer Taylor Ba'amurke ne, malamin adabin Jamusanci, an haife shi a birnin Filadelfiya a 1890, ya rasu a jihar Kalifoniya a 1973. Ya sami digirinsa na uku a Jami'ar Harvard a 1915, ya koyar shekara goma a Jami'ar Washington da ke Sen Luwis, ya koma Shikago a 1925, daga nan sai Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1939, inda ya zauna har ya ajiye aiki. Albashinsa na koyar da Jamusanci ne, amma sunan da ya yi a adabin baka ya yi shi: tatsuniya, waƙoƙin gargajiya, kacici-kacici, sannan uwa-uba karin magana. A 1951 an zaɓe shi shugaban babbar ƙungiyar malaman harsuna da adabi ta Amurka.

Abin da ya sa yake bin ku har cikin kundayenku shi ne littafinsa na 1931 mai suna The Proverb. Kafin shi akwai tulin littattafan da suka tara karin magana a Turai, ba ƙaramin tari ba. Shi kuwa ya zauna ya yi tambayoyin da masu tarawa ba su cika yi ba: daga ina karin magana ke fitowa, a kan me take magana, yaya ƙirarta take, kuma me ya raba ta da danginta. Babi huɗu ke nan na littafin.

Ga abin dariyar. Ɗalibai kan kawo sunansa a wurin ba da ma'anar karin magana, alhali shi a farkon littafin cewa ya yi wahalar ba ta ma'ana ta fi amfanin da za a samu. A ganinsa akwai wani abu da kunne ke ji, wanda baki ba ya iya bayyanawa, da ke shaida wa mutum cewa wannan jimla karin magana ce, waccan kuwa magana ce kawai. Ya ƙara da cewa wanda ba ya jin harshe ba zai taɓa gane dukkan karin maganarsa ba. Iyakar abin da ya yarda ya faɗa shi ne, zance ne da ke yawo a bakin jama'a. To, in za ka ambace shi, ka ambace shi da wannan. Kada ka liƙa masa ma'anar da bai bayar ba don kawai babin ya yi nauyi.

Kuma ka kula da sunaye biyu da ake haɗawa. Bartlett Whiting na Harvard shi ne abokin aikin Taylor, tare suka fitar da ƙamus na karin maganar Amurkawa a 1958. C. E. J. Whitting, mai "t" biyu, shi ne ya tara karin maganar Hausa da na Fulatanci, aka buga a Legas a 1940. Mutane biyu ne daban.

Wata malamar firamare daga Maraɗi ta tambaya: "karin magana" ne ko "ƙarin magana"?

Malama, kari ne, ba lanƙwasa a kan "k". Ƙari shi ne daɗi, kamar ƙarin albashi ko ƙarin bayani. Kari kuwa daga karyawa yake, irin karin da guga ke bari a jikin riga, ko karin hula da samari ke yi. An karya magana an ninke ta, doguwa ta koma gajera, sai mai hankali ya warware. Wannan karin ne dai a karin harshe da karin kumallo. Kuskuren ya yawaita ne tun da aka koma rubutu a waya, inda wasu ke zubar da lanƙwasa gaba ɗaya, wasu kuma su ɗora ta inda ba gurbinta don a ga sun iya.

Wani mai karatu daga Kumasi ya ce: "ya ranta a na kare" karin magana ce? Mun yi musu da abokaina.

A nan rabon da Taylor ya yi yana da amfani sosai, domin gwaji ne da kowa zai iya yi. Ɗauki zancen ka sauya masa mai aikatawa da lokaci. In ya karɓi sauyin bai lalace ba, salon magana ne. Za ka ce na ranta a na kare, sun ranta a na kare, gobe za ka ranta a na kare, duk daidai. Amma gwada da "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo". Ka ce "komai nisan jifana ƙasa ya faɗo jiya", ka ga ta tashi daga karin magana ta koma labari. Karin magana cikakkiyar jimla ce mai tsayayyar ƙira, ita ke yanke hukunci. Salon magana guntu ne da kake sakawa cikin jimlarka.

Akwai na uku, kwatance: "shiru kamar an aiki bawa garinsu", "nema kamar ruwa a jallo". Su ma Taylor ya ware musu gurbinsu daban. Mu a Hausa mukan zuba su duka a kwando ɗaya, kuma a hira ba laifi. A kundi ne laifin yake, in mutum ya ce ya nazarci karin magana 100 alhali sulusinsu salon magana ne.

Tambaya daga Katsina: me ake kiran irin su "ban sa a ka ba, in ji ɓarawon hula"?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni sha'awa. Turawa suna da irinta, sun raɗa mata suna "Wellerism" daga Sam Weller, wani bara mai yawan barkwanci a wani labarin Charles Dickens na shekarun 1830, kuma Taylor ya ba ta fili a babin ƙarshe na littafinsa. Ƙirarta gaɓa uku ce: maganar da aka faɗa, wanda ya faɗe ta, da halin da yake ciki. Daɗin yana fitowa daga karon da ke tsakanin gaɓa ta farko da sauran.

Dubi misalin da ka kawo. "Ban sa a ka ba" magana ce ta yau da kullum, wato ban damu ba. Da aka ɗora ta a bakin ɓarawon hula sai ta koma ma'anarta ta zahiri, bai sa hular a kansa ba. Ma'ana biyu a jimla ɗaya. Haka "ashe ana tsoron inna, in ji 'ya'yan mayya": su ba su san uwarsu da komai ba sai tuwo da goyo.

Sai dai Hausa ta wuce ma'aunin nan. Da yawa daga cikin namu ba su da "in ji" ko kaɗan. "Da haka muka fara, kuturu ya ga mai ƙyasfi." Ƙyasfi tabo ne fari-fari da ke fitowa a fuska ko wuya, ba ciwo ne na tashin hankali ba, amma kuturu ya tuna farkon nasa. Ba a ce kuturun ne ya yi maganar ba, kai ne ka gane. "Ba a nan take ba, an danne bodari ta ka": bodari makaminsa wari ne, kuma ta baya yake sakinsa, don haka wanda ya danne kai bai tsare komai ba. Nan babu mai magana sam, rabin farko hukunci ne, rabi na biyu hoto. Irin wannan ƙira mai hawa biyu tana da yawa ƙwarai a Hausa, har ma akan faɗi rabin farko a yi shiru, mai sauraro ya ƙarasa a zuci. In ka ji dattijo ya ce "gaba da gabanta" ya tsaya, ya san ka san aljani ya taka wuta. Ra'ayina shi ne a daina cusa waɗannan a ƙarƙashin sunan Turawa. A kira su masu "in ji" da masu hawa biyu, a nazarce su a kan ƙirarsu.

Ɗalibar jami'a daga Sakkwato: an ce in bi tarihin karin magana ɗaya. Ta ina zan fara?

Wannan shi ne ainihin gadon Taylor. Hanyar ya ɗauko ta daga masana tatsuniya na ƙasar Finlan: a tara kowane nau'i na abu ɗaya, a jera su bisa shekara da wuri, sannan a yi magana. Bari mu gwada da "abin nema ya samu".

Fara da tsofaffin rubuce-rubuce, daga na farko zuwa na baya. Akwai tarin Merrick na 1905, da juzu'i uku na Frank Edgar daga 1911 zuwa 1913, da na Rattray na 1913 wanda Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Gana yanzu, da ƙamus na Bargery na 1934, da na Whitting na 1940, da ɗari biyar na Kirk-Greene na 1966. Kowane nau'i kika samu, ba shi katinsa: lafazin yadda yake harafi da harafi, littafi, shekara, shafi. Kada ki gyara rubutun Turawan farko ko da kin ga sun rubuta "ch" a gurbin "c". Gyaran ki sa shi a layi na ƙasa.

Sannan ki fita wurin mutane. Kada ki ce wa tsohuwa "kawo mini karin magana". Za ta ba ki biyar da kowa ya sani ta ce sun ƙare. Faɗi rabin farko ki bar ta ta ƙarasa. Wata za ta ce "matar falke ta haifi jaki", wani ya ce "matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo". Rubuta garin mai maganar, kimanin shekarunsa, da sana'arsa. In Basakkwace ya ce "hwaɗi", rubuta "hwaɗi", kada ki mayar da shi Bakano. Sa alamar tsawon wasali da karin sauti inda za a iya ruɗewa, domin a rubutun boko gaba ta ƙirji da gaba ta ƙiyayya kamarsu ɗaya, haka gari na zama da gari na tuwo.

Yanzu sai auna shekaru. Kayan da ke cikin karin magana kan tona asirinta. Falke da jakinsa na zamanin fatauci ne, ana zuwa Gwanja sayen goro. Ɗan sanda da wannan suna na zamanin Turawa ne. Haka "sabon salo, kiran salla da usur" ba za ta girmi zuwan usur ba. Amma a nan ake faɗawa rami: sabon kaya yana nuna shekarun wannan nau'in ne kawai, ba shekarun ƙirar ba. Ƙwarangwal ɗin tsoho ne, an sauya masa riga. Rami na biyu shi ne ɗaukar shekarar da aka fara rubuta ta a matsayin ranar haihuwarta. In kin same ta a littafin 1905, abin da kika tabbatar shi ne tana nan kafin 1905, shi ke nan.

Rami na uku, kamanni. "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa" tana da 'yar'uwa a Sifaniyanci, gemun maƙwabci da jiƙa naka. Kada ki yi saurin cewa wani ya ara daga wani. Sai kin nuna hanyar da ta bi, ta littattafan malamai ne ko ta fatake, ko ki tsaya a kan cewa sun yi kama.

Inda Taylor ya gaza kuwa, mutumin ɗakin karatu ne, yawancin aikinsa daga bugaggun littattafai ne, su kuwa ba sa faɗin wa ya faɗa wa wa. A 1964 Ojo Arewa, ɗan Nijeriya, da Alan Dundes suka rubuta maƙala da misalan Yarabanci suna nuna cewa rubuta lafazi kaɗai bai isa ba. Saboda haka ƙara layi ɗaya a katinki: a wane hali aka faɗe ta. "Abin nema ya samu" a bakin wanda ya sami aiki murna ce. A bakin kishiya ta ga an kawo wa miji sammaci, wannan habaici ne.

Ta ƙarshe, daga wani malamin sakandare a Garwa: yaya zan jera kacici-kacici da na tara?

Yawanci bisa amsa ake jerawa, na tsintsiya wuri ɗaya, na hanya wuri ɗaya. Taylor, a babban littafinsa na kacici-kacicin Ingilishi na 1951, ya bi ta ɗaya gefen: ya jera su bisa abin da aka kamanta da shi, mutum ne, dabba ce, tsiro ne ko wani kaya. Dalilinsa mai ƙarfi ne, domin amsa kan sauya daga gari zuwa gari, hoton kuwa yakan zauna. Da wannan tsari "baba na ɗaka, gemu na waje" zai shiga sahun mutane, "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" sahun dabbobi, "rawanin baba ya faskari naɗawa" da "tsumagiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba" sahun kaya. Yi jerin biyu, Malam: babba bisa hoto, ƙarami a baya bisa amsa, da lambobin da ke haɗa su.

Za ka tarar da ragowa da suka ƙi shiga ko'ina, irin su "ƙulun ƙulufit". Ba a kamanta gauta da komai ba a nan, sauti ne kawai ke zana ƙanƙantarta da dunƙulewarta. Buɗe musu babi nasu, kuma ka ɗauki muryar mai faɗa a waya, don a takarda rabin abin ya tafi.