Filin Tambaya da Amsa: Agogon Baba ya tsaya, mai gyara ya ce a sa masa injin batir

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai wani agogo na gada wurin mahaifina Allah shi jiƙan shi, Seiko 5 mai sarƙa wanda yas sawo Makka da yat tahi aikin Hajji tun muna yara, har ranakun mako da Larabci shika nunawa. Tun da anka yi rabon gado shina cikin akwati, kwanan nan na hiddo shi, in an girgiza sai ya ɗan yi tafiya kamar minti biyu ya tsaya. Na kai ma wani mai gyara cikin kasuwa yac ce mani injin ya mutu kuma babu kayanshi yanzu, wai in bari ya cire ya sa mani injin batir nan take. Raina bai kwanta ba na amshe abina. Mi ka gani Malam? Daga wani ɗan'uwa, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya gafarta wa Baba ya kai haske kabarinsa. Ka kyauta da ka amshe abinka, don Allah kar ka yarda a cire injin nan. Agogon da ake girgizawa ya tashi ya yi minti biyu bai mutu ba, galibi mai ne ya bushe a cikinsa ya haɗu da ƙura ya daskare.

Shi irin wannan agogo babu wuta a cikinsa ko kaɗan, akwai wani babban sifirin da ke naɗe cikin ɗan gwangwani, da wani ƙarfe mai nauyi a baya wanda ke juyawa duk lokacin da ka motsa hannu, shi ke naɗa sifirin ɗin, sifirin yana warwarewa a hankali yana tura ƙafafu masu haƙora har ƙarfin ya isa wurin balans, wato 'yar ƙafar nan da za ka ga tana kai da komo in an buɗe marfin baya. A irin na Baba tana bugawa sau 6 a daƙiƙa ɗaya, 21,600 ke nan a awa, a wuni da kwana ya haura rabin miliyan. Abin da ke wannan aiki dole ya so mai, kuma man da ake ɗiga masa ƙanƙane ne ainun, da bakin wata 'yar allura ake sa shi a kan duwatsun nan jajaye. Wannan 17 Jewels ko 21 Jewels da ake rubutawa a fuska su ake nufi, yakutu ne na haɗi da aka dasa inda ƙarfe ke juyawa don kar ya cinye, ba su da wata daraja ta sayarwa, saboda haka kar ka ji tsoron wai za a sace maka su. To ka haɗa shekaru a akwati da zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke wuce digiri 40 da ƙurar hunturu, ina man zai tsaya.

Maganar babu kaya kuma ban yarda ba. Tun 1963 kamfanin Seiko na Japan ke buga wannan samfuri, an yi su da yawan gaske, alhazanmu sun yi ta shigo da su, shi ya sa duk tsohon mai gyara za ka tarar da gwangwanin matattunsu a ƙarƙashin teburinsa yana ciro kaya daga ciki. Juya bayan agogon ka duba, za ka ga lamba kamar 7009 ko 6309 ko 7S26 sai ɗan layi da wasu lambobi, ta farkon ita ce sunan injin, ita za ka faɗa in ana neman kaya. Akwai kuma wata lamba mai guda shida, ta farko ƙarshen shekarar da aka ƙera shi ce ta biyu kuma wata, in ka ga N Nuwamba in ka ga D Disamba. Misali in ta fara da 38 watan Agusta ne na shekarar da ta ƙare da 3, kai da ka san lokacin da Baba ya sauke farali sai ka gane ko 1983 ce.

Abin da za ka nema shi ne cikakken sabis. Ka sami dattijon da ya koyi aikin tun kafin na batir ya cika gari, don na batir irin na yanzu da ake kira quartz sai a ƙarshen 1969 Seiko ɗin dai ya fara fito da shi kasuwa, daga nan ne aikin hannu ya yi ta ja baya har yaran yanzu da yawa canjin batir da rage sarƙa kawai suka iya. Ba laifinsu ba ne abin da ke kawo kuɗin cefane ke nan, amma ba su za ka ba gadon mahaifinka ba. Ka tambaye shi kai tsaye, Baba za a kwance shi ne ɗaya bayan ɗaya a wanke ko kuwa tsoma shi za a yi? Don akwai masu jefa injin ɗungurungum cikin murfin fetur su kaɗa su hura su ɗiga man keken ɗinki su miƙo maka, zai yi tafiya kuwa har ka ji daɗi ka sa albarka, bayan 'yan watanni man ya malale ya kama siririn sifirin ɗin balans abu ya fi da lalacewa. Mai aikin gaskiya ba zai ba ka ranar ba, zai ce ka dawo bayan kwanaki don sai ya ajiye shi ya ga yadda yake tafiya. Ka ce a canja robar marfin baya da ta kan murzawa, in gilashi ya tsage a canja, amma fuska da tsinkaye a bar su yadda suke ko sun ɗan dushe, kar a goge kar a yi fenti.

Wani abu kuma, waɗannan injina uku da na ambata ba a yi masu wani da hannu, ko ka kwana kana murza kan nan ba abin da zai naɗa, girgiza shi za ka yi a hankali ka ɗaura. In ya cika yana kai wajen awa 40 a ajiye. In yana ƙara ko rage daƙiƙa ashirin zuwa talatin a rana lafiyarsa lau, ranar Juma'a ka daidaita shi da wayarka.

TAMBAYA: Malam agogon maigidana ne Orient, kwana biyun nan gudu yake kamar me, kafin la'asar ya ƙara minti goma. Kuma wani lokaci gilashin yana yin gumi ta ciki. Daga wata baiwar Allah, Arkilla.

AMSA: Hajiya ki duba inda Alhaji ke ajiye shi da dare, in kan sifika ne ko rediyo ko manne da waya to maganaɗisu ya kama shi, zaren sifirin ɗin balans ya manne da juna ya gajarce shi ya sa yake sauri. Akwai 'yar na'urar da ke cire shi cikin minti ɗaya ba sai an kwance komai ba. Gumin nan ne ya fi damuna, ruwa ne ya shiga kuma galibi wurin alwala ne, robar tsohon agogo ta riga ta bushe ko da an rubuta ba ya shan ruwa a bayansa. A kai shi a buɗe a busar yau ba gobe ba tun tsatsa ba ta kama ba, kuma ki roƙe shi ya riƙa cirewa ya sa aljihu kafin ya ɗauki buta.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne na fara sha'awar tara tsoffin agogai, ina ganin su a intanet masu kala-kala da araha, Seiko da HMT da Citizen, in saya? Daga Tambuwal.

AMSA: Ƙanena ka yi hattara da masu kalar nan, ja da kore da ruwan lemo suna ƙyalli kamar jiya aka yi su, yawancinsu haɗe-haɗe ne daga Indiya, a ɗauko inji nan a ɗauko gida can a buga sabuwar fuska a rubuta sunan kamfani. HMT kamfanin gwamnatin Indiya ne na gaske kuma agogonsa da ake yi wa wani da hannu yana da ƙarko, amma ba kowane mai ɗauke da sunan ne ya fito haka daga masana'anta ba. Ni na fi son ka fara daga gida, ka tambayi kawunnai da kakanni, a cikin adakar tsofaffi akwai West End da Rado da Roamer da Citizen da ba wanda ya taɓa buɗe su, kuma ka san hannun da suka fito. Kafin ka biya kuɗi a buɗe maka baya ka ga sunan da ke kan inji ya dace da na fuska, babu tsatsa, balans na kaɗawa da ƙarfi.

Abu biyu ka riƙe. Kar ka canja kwanan wata da hannu tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba a lokacin agogon, haƙoran da ke juya shi sun riga sun shiga, kana iya karya su. Sannan agogon da ya girmi shekarun 1960 mai lambobi masu haske da dare, sau da yawa da sinadarin radiyam mai cutar da lafiya aka shafa su, ko hasken ya mutu shi sinadarin yana nan da ƙarfinsa, kar ka kankare kar ka hura ƙurarsa da baki, ka bar shi rufe cikin gilashinsa.

TAMBAYA: Maɗaurin nawa ya tsinke, na roba zan sa ko na fata? Daga Runjin Sambo.

AMSA: Haba Malam, kana Sakkwato garin jar fatar akuya da har Turai aka san ta kana tambayar roba. Auna tsakanin ƙahonnin agogon da rula, yawanci milimita 18 ne ko 19 ko 20, ka kai wa baduku ya yanka maka ya ninka ya ɗinke. Sai dai fata ba ta son zufa, in bazara ta kama ka mayar da sarƙa har ruwa ya sauka.