Amsa ga ɗan'uwan da ƙungiyar masu gidaje ta turo wa lauya a Houston

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka daina biyan kuɗin shekara na ƙungiyar masu gidajen unguwarku a Houston saboda sun ƙi gyara katangar da ke bayan gidanka, yanzu kuma wasiƙar lauyansu ta iso da adadin da ya ninka asalin bashin, kana tambaya ko ka maka su a kotu. Na daɗe a Texas, na kuma zauna a kwamitin gudanarwa na unguwarmu, inda irin wannan magana ta sha zuwa gabanmu. Shawarata ita ce ka biya asalin bashin tun yanzu, sannan ka bi batun kuɗin lauya da na katanga kowanne daban.

A Amurka, ƙa'ida ita ce kowane ɓangare ya biya lauyansa, ko ya ci shari'a ko an kayar da shi, sai fa idan doka ko yarjejeniya ta ce akasin haka. To, takardar sharuɗɗan unguwa, wadda ta hau kanka tun ranar da ka sayi gidan, ko ka karanta ta ko ba ka karanta ba, kusan kullum tana ɗora wa mai bashi kuɗin da aka kashe wajen karɓo shi. Saboda haka duk wasiƙar da lauyan ya rubuta da duk takardar da ya shigar kotu, a kanka ake lissafa ta. Sau da yawa kuma alƙalai ba sa karɓar hujjar cewa ƙungiya ta gaza aikinta a matsayin uzurin ƙin biya, domin suna ganin wajibin biya daban ne, wajibin gyara daban.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gidan kansa. Tun 1987 kotun ƙolin jihar Texas ta yanke cewa ƙungiya na iya sa a sayar da gidan da mutum yake zaune a ciki saboda irin wannan bashi. A 2001 an yi gwanjon gidan wata tsohuwa mai shekara 82 a yankin Houston a kan bashin da asalinsa bai kai dala 1,000 ba, kuma hayaniyar da ta biyo baya tana cikin abin da ya sa aka kafa Babi na 209 na dokar kadarori ta jihar a wannan shekarar.

Wannan babin shi ne garkuwarka, ka nemo shi ka karanta da kanka. Kafin a ɗora maka kuɗin masu karɓar bashi, dole a aiko maka wasiƙa mai rajista da ta fayyace abin da ake bin ka, a kuma ba ka kwana 45 ka biya. Idan filayen unguwarku sun haura 14, dole ƙungiya ta kasance da tsarin biya kaɗan-kaɗan wanda bai gaza wata 3 ba. Sai kuma wanda mutane da yawa ba su sani ba: duk abin da ka biya, doka ta ce a fara zuba shi a kan tsohon bashin, sannan kuɗin bana, kafin a zo kan kuɗin lauya da tara. Amma idan ka karɓi tsarin biya ka saɓa, ka rasa wannan kariya, don haka kada ka amince da adadin da ka san ba za ka iya cikawa kowane wata ba.

A gaskiya ina ganin wasu ƙungiyoyin suna gaggawar miƙa magana ga lauya alhali kiran waya ɗaya zai kashe ta, kuma hakan zalunci ne ga maƙwabci, domin bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai na ga ɗaya ɓangaren ma: da kuɗin nan ake biyan inshora da fitilun hanya da yankan ciyawa, kuma ko da ka ci shari'a, daga asusun da ku mazauna kuke tarawa za a biya lauyan ƙungiya.

Ka rubuta wa lauyan cikin kwana 30 da samun wasiƙarsa ta farko, ka ce kana jayayya da adadin, ka nemi lissafi dalla-dalla mai nuna ranar kowane aiki da kuɗinsa, domin dokar tarayya ta ba ka wannan damar ta neman a tabbatar da bashi. Ka duba ko an aiko maka wasiƙar kwana 45 ɗin, don idan ba a aiko ba, kana da hujja mai ƙarfi ta neman a cire wani kaso. Sannan ka roƙi a ba ka lokaci a zaman kwamiti, ka je da hotunan katangar da rasit ɗin abin da ka biya. A unguwarmu, wanda ya zo da rasit a hannu ya fi samun rangwamen tara. Idan kuwa takardar sammaci daga kotu ta riga ta iso, to ka nemi lauya a wannan makon, domin wa'adin mayar da amsa gajere ne, kuma in ya wuce ana iya yanke hukunci ba ka nan.