Firintata tana buga shirme maimakon ta buɗe durowar kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da kantin kayan gyaran babura a Garwa, kuma muna ajiye lissafinmu a rumbun bayanai na Microsoft Access. Ƙanena ya ce idan aka sa wasu lambobi a saman rahoton rasit, firintarmu ta Epson za ta buɗe durowar kuɗi, ta kuma yanke takarda da kanta. Mun sa, amma ba abin da ke fitowa sai ƙananan akwatuna da harafin p. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanen naka ya faɗi gaskiya, lambobin ma mai yiwuwa daidai suke, hanyar da kuka bi da su ce ba ta kai su ba. Firintocin rasit na Epson suna jin wani yare da ake kira ESC/POS, inda umarni da yawa ke farawa da lamba 27, wato ESC, wadda ba harafin bugawa ba ce, sanarwa ce ga firinta cewa abin da ke biye aiki ne za ta yi. Jerin 27, 112, 0, 25, 250 yana sa ta tura ɗan lantarki ta wayar da ke haɗe da durowa har makullin ya saki, kuma 112 ɗin nan ita ce harafin p da kake gani. Jerin 29, 86, 1 kuwa yankan takarda ne.

A zamanin DOS, tsohon tsarin kwamfuta kafin Windows, manhajojin rumbun bayanai irin su dBASE da FoxPro suna miƙa wa firinta lambobi kai tsaye, har FoxPro yana da umarnin ??? domin wannan aiki kaɗai. Rahoton Access ba haka yake tafiya ba: Windows ne ke karɓar shafin, ya ba direban firinta, wato manhajar da ke haɗa Windows da firinta, shi kuma ya mayar da komai zane, don haka lamba 27 takan isa a matsayin hoton akwati, firinta kuma ba ta karɓar umarni daga hoto.

Shawarata ita ce ka fara duba saitin direban Epson ɗin, domin akwai wurin da ake zaɓar buɗe durowa da yankan takarda, kuma ga mai kanti wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan sai lambobin kake so, to a cire su daga rahoton, a rubuta ɗan shiri da VBA, yaren rubuta umarni da ke cikin Access, wanda zai haɗa su da Chr(27) da sauransu, ya aika su ɗanye zuwa firinta ba tare da sun bi ta zanen shafi ba. A fara kowane aiki da 27, 64, wanda ke mayar da firinta saitinta na asali, musamman a wurarenmu da ɗauke wuta kan katse bugu a tsakiya.

Idan ka zo buga sitikar farashi da firintar Zebra, lamarin ya fi sauƙi, saboda yarenta na ZPL rubutu ne zalla da ke farawa da ^XA ya ƙare da ^XZ, kuma direban Windows mai suna Generic / Text Only yana wuce da shi, muddin rahoton bai karya layin umarni biyu ba. Masu tsohuwar firintar Epson LX-300 ta allura su kuma, lamba 15 tana matse rubutu daga harafi 80 zuwa 137 a layi, 18 ta mayar da shi.

Idan rasit ɗinku da Faransanci ake rubuta shi, da zarar kun koma aikawa ɗanye za ku iya ganin é da è sun rikiɗe zuwa wasu alamomi. A kan firintar rasit ta Epson TM-T20, jerin 27, 116, 16 yana zaɓar teburin haruffan Windows-1252, kuma a sa shi bayan 27, 64, domin idan ya zo kafin 27, 64 za a goge zaɓin.