Shekaru ne ke kawo hikima, ko koyonta ake yi?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, shekaruna 46. Tun rasuwar mahaifinmu duk rigimar ƙannena a kaina take ƙarewa. In maƙwabta suka kawo mini tasu ina warwarewa, amma tamu ta gida sai in rasa ta inda zan kama. Jira zan yi shekaru su kawo mini hikima, ko akwai abin yi?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, Malam. Kada ka jira shekaru. Paul Baltes da Ursula Staudinger, masana halayyar ɗan Adam da suka yi aiki a cibiyar bincike ta Max Planck a Berlin, sun yi shekaru suna ba mutane matsalolin rayuwa masu wuya suna auna amsoshinsu. Sun ga zurfin tunani yana ƙaruwa daga wajen shekara 15 zuwa 25, amma daga nan har kusan 75 shekaru kaɗai ba sa ƙara shi.

Abin da ka lura da shi kuwa ba kai kaɗai ba ne. A 2014 masu bincike Igor Grossmann da Ethan Kross sun sa wasu su ɗauka su aka ci wa amana, wasu kuma su ɗauka abokinsu aka ci wa. Masu tunanin matsalar aboki sun fi yarda cewa ba su san komai ba, sun fi duba ɓangaren kowa, sun fi neman sulhu. Da aka ce wa masu matsalar su dubi kansu kamar wani suke kallo, sai tazarar ta ɓace, ga matasa da ’yan shekara 60 zuwa 80 duka.

Wannan ne na fi so ka riƙe. Ranar da aka taso da maganar rabon gadon mahaifinku, bayan isha’i ka keɓe, ka ambaci sunanka a zuciya: “Me wane bai sani ba tukuna? In shi ne, misali, ƙanwarsa mai marayu uku, yaya zai ga rabon?” Da farko za ka ji banbarakwai, ka daure.

Shawara ma tana da tsari. A 1996 Staudinger da Baltes sun ga amsa ta fi kyau in mutum ya tattauna da wanda ya amince da shi, sannan aka ba shi ɗan lokaci ya yi tunani shi kaɗai. Ka je wurin baffanku ku zanta sosai, amma kada ka yanke hukunci nan take a zaure kowa yana kallon bakinka. Ce wa ƙannenka su dawo gobe bayan la’asar.